Garin Da Na Rantse Wa Mahaifiyata Ba Ya Sanyi

Shekarun baya, tun wayar hannu ba ta shiga aljihun kowa ba, aka tura ni koyarwa a wani ɗan gari da ke bakin Bahar Maliya, can arewa. Mu a Madina aka haife mu, a unguwar Ƙiblatain, kuma ban taɓa kwana uku a wajen Madina ba sai lokacin. Wata biyu kawai na yi, na riƙe ajin wani malami da ya kwanta rashin lafiya. Na dace da lokaci mai daɗi: rana ba ta cizo, da la'asar iska ta taso daga teku tana kaɗa maka riga. Na dawo gida na ishi kowa da labari.

Da sanyi ya shigo aka ba ni aikin dindindin a can. Mahaifiyata kuwa duk shekara sanyin Madina a gwiwoyinta yake sauka. Sai na ce ta biyo ni.

"Inna, bakin teku ba ya sanyi. Ruwa yana riƙe ɗumi."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni fa labarin ƙasa nake koyarwa."

Ta ce to. Amma da ta haɗa kaya sai na ga bargo biyu masu nauyi da daffayarta, wato ɗan hitar da take karawa kusa da ƙafa. Tana shiga sallama da maƙwabta na sauke su daga mota na mayar ɗaki. A raina ina cewa za ta gode mini.

Mun isa da yamma. Ina buɗe ƙofar mota iska ta fizge ta daga hannuna. Iskar arewa ce, mai ratsa ƙashi, ba ta san hutu ba. Gidan da na kama kuma na zaɓe shi ne saboda tagoginsa suna kallon teku. Na'urar sanyaya ɗaki har biyu a ciki, abin ɗumama ɗaki ko ɗaya.

Inna ta zauna a kan katifa ta ce, "Shigo mini da bargona."

Da ma ni in na rikice Hausa guduwa take yi. Na fara yi mata bayani da Larabci.

"Yi mini Hausa, ya waladi. Ina bargona?"

"Yana Madina."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta nuna taga ta ce, "Kwance mini labulen can." Haka mahaifiyata ta kwana a naɗe cikin labule, da darduma a kan ƙafafunta. Washegari na zaga shagunan garin, duk wanda na tambaya daffaya sai ya ce sun ƙare tun farkon sanyi.

Abin ya daina ba ni dariya a kwana na uku, da na ga tana sallah a zaune, gwiwar ta kumbura ta kasa sujada. Na ajiye girman kai na ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu, wani dattijo masunci. Ya saurare ni, ya tambayi watan da na zo a baya. Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari.

"Ka zo ranar biki ka ɗauka kullum haka muke ci. Garin nan fuska uku gare shi, malam. Akwai wannan iskar, akwai daɗin da ka gani, sannan akwai zafin da riga ke manne wa mutum a baya."

Kafin azahar matarsa ta shigo da barguna da daffaya da miyar kifi mai zafi. Ba Hausa a bakinta, Larabcin Inna kuma na cefane ne, amma suka wuni suna hira. Daga yadda suke waiwayena na san ni ne batun.

Na ce wa Inna in mayar da ita gida ranar hutu. Ta ƙi.

"Ba inda za ni sai na ga iskar da ka yi mini alkawari."

Ta kuwa gan ta. Sanyi ya janye, gwiwa ta saki, kullum la'asar ita da matar masuncin suna bakin ruwa da butar shayi. Ranar da ta tashi ta ji zaninta ya jiƙe da gumi tun kafin hantsi, ta ɗaure kayanta ta ce, "Na ga biyu, ba sai na ga ta ukun ba."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta rufa mini asiri. Da na mayar da ita Madina, matan unguwa suka cika gida suna tambaya, ta ce gari ne mai albarka, ɗanta ya kula da ita. Ko 'yan'uwana ba su ji komai daga bakinta ba.

Ni dai tun daga nan na rage saurin cewa na san wuri, ko na san mutum, don na gan shi a lokacinsa mai kyau. Ban daina gaba ɗaya ba, halin malami ne. Amma har ta koma ga Allah, duk ranar da na fara cika baki a gaban mutane, Inna ba ta katse ni. Sai dai ta dube ni, ta ja mayafinta a hankali ta ƙudundune, ko da kuwa tsakiyar zafin Madina ne.