Sunan da Hodi Ba Ta Kira Ba

Duk wanda ya san Gulma a shekarun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ya san Hodi mai gumi. Shinkafa take turarawa, ta shanya, ta kai kasuwar Argungu. Kunya kuwa ba a magana. Ɗanta na fari, Maigandi, har ya yi gemu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan", don kuwa haka ta taso ta ga iyaye suna yi.

Wata kaka, ruwan gulbi bai ja ba, tana tsaye a gaɓa Maigandi ya taso daga fadama da kwalekwale shaƙe da shinkafa. A kan idonta kwalekwalen ya kife, ciyawa ta riƙe wa Maigandi ƙafa. Ya ɗago sau biyu yana kiran "Inna!" Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa.

Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, saboda haka Hodi ta haɗiye. Mata suka yi ta yaba haƙurinta. Ni dai wannan yabo haushi yake ba ni.

Tun daga ranar, ko ruwa aka zuba a tulu sai gabanta ya faɗi. Shekara uku, ga haki, ga kumburin ƙafa, tukunyar gumi ta gagare ta ɗauka, alhali ba ta kai hamsin ba. 'Yarta Zuhura ta kai ta asibiti Birnin Kebbi. Likita ya ce jini ya hau, zuciya ta kumbura. Ya tambaya, "Inna, akwai abin da ya taɓa firgita ki?"

"Ba komi, lahiya lau."

"Inna, ki hwaɗa mai mana," in ji Zuhura.

"Mi zan hwaɗi?"

Aka ba ta ƙwayoyi, ta shanye, ciwo bai san an yi ba.

Ranar Larabar da za ta cika, da hantsi, ta kama hannun Zuhura ta ce, "Ke, kira min sunan wanki in ji."

"Maigandi."

"Ƙara."

Zuhura ta ƙara. Leɓen Hodi ya motsa, amma sai ta ga akwai maƙwabciya a bakin ƙofa, ta haɗiye sunan.

Wajen zaman makoki mata suka ce, "Allah ya jiƙan Hodi, ba a taɓa ganin hawayenta ba."