Tsokar Yaya da Aka Bari a Firiji

Har yau in na tuna likitan nan, raina ɓaci yake yi. A shekarun da aka tone titunan Dubai don jirgin ƙasa, aka yi wa yayana aiki, aka ciro ƙari daga hantarsa. Tare muke ɗaure kaya a kasuwar Al Sabkha muna turawa Kano, ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Al Nahda. A gidanmu, abin da aka yanke daga jikin mutum naɗe shi ake yi a binne. Na sayi farin ƙyalle na tafi karɓa.

Likitan, mai fara'ar banza, ya ce tsokar tana firiji. Wai akwai wasu mitsi-mitsin abubuwa cikin ƙwayoyin jiki, maikro-RNA, ba a daɗe da gano su ba, su yake son dubawa. Da ya ji sana'armu sai ya ce, "Jiki yana aika saƙo a ƙera abu, su kuma su tare saƙon a hanya, kamar mai riƙe kwantena a tashar ruwa. In wasunsu suka yi ƙaranci, saƙon ƙaruwa ya yi ta wucewa ba mai tsayar da shi, nama ya yi ta tohowa." Har idonsa ƙyalli yake yi!

Na ce, "To, zai warkar da Yaya?"

Ya ce a'a, sai dai wasu, nan gaba.

Kai! Na buga tebur na ce a ba ni naman ɗan'uwana. Sai ya turo mini takarda. Sa hannun Yaya ne, na san karkatar rubutunsa.

Na faɗa ɗakin da yake kwance ko sallama babu. "Yaya, jikinka ka ba su kamar samfurin atamfa?"

Da ƙyar ya ɗago kai. "Wannan ciwon ne ya ɗauki Baba. Da jikinsa cif muka binne shi, wa ya amfana? 'Ya'yana huɗu, wataƙila binciken ya amfane su. Khalas, magana ta ƙare, rabu da ni."

Na fice. Kwana uku ina gaba da shi, ban leƙa asibitin ba, ya kira waya na ƙi ɗauka. Ashe kwana tara suka rage masa a duniya, ni da hannuna na ƙona uku.

Na ce likitan nake jin haushi. Ƙarya nake yi. Ƙyallen yana nan a ƙasan akwatina, ko ninkinsa ban warware ba.