Gwafar da ke ɗakin Inna

Har yau idan na ga an jingina gwafa a jikin gini sai raina ya ɓaci, kuma yayana ne ya jawo.

Gidanmu na Tudun Wada ginin ƙasa ne, rufin azara. Ɗakin Inna da turakar Baba bango ɗaya suka haɗa, mai kaurin da muna yara mukan ce jaki zai iya kwana a kansa. Azarar ɗakunan biyu duk a kansa take kwance. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai Baba ya sa an ƙara wa rufin yaɓe, don haka ƙasar da ke saman kan Inna ba kaɗan ba ce.

Da Baba ya rasu aka raba gado, turaka ta faɗo a rabon Yaya. Tana kallon titi, shi kuwa ya daɗe yana mafarkin shagon sayar da taki. Ina gidan mijina a Kiru labari ya iske ni cewa ya rushe turakar, ya haɗa har da bangon tsakiya. Ya ta da na bulo siriri, ya ja shi baya zuwa cikin rabonsa, wai kada a ce ya ci haƙƙin kowa. Ka ji mai tsoron Allah! Da na zo na shiga ɗakin na ɗaga kai, sai na ga kawunan azara a sarari, ba abin da ya riƙe su sai wasu 'yan sanduna da leburorinsa suka tokara suka tafi. Ƙasa na zubowa a kan gadon Inna, ita kuma tana kakkaɓewa kamar ba komai.

Na same shi yana duba fenti.

"Yaya, ka bari a ɗora katako daga bangonka ya tallafi azarar nan."

"Ke, bulo mai inci shida ne, ba zai ɗauki wannan tulin ƙasar ba. Ga katako da jawo gara. So kike ya tsage?"

"To ka ba da wurin ginshiƙi."

"Wurin kantar shago ne nan. Ta koma ɗakin baya mana, wa ya hana ta?"

Ya fi ni sanin ba za ta koma ba. A ɗakin aka kawo ta tana amarya, a nan ta haife shi. Na gaya masa maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta, ban kuma yi nadamar ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona min rai, Inna ce ta leƙo tana cewa, "Ki bar shi, yayanki ne, nema yake yi."

Maigidana ne ya sa aka kawo itacen ƙirya daga wajen Falgore. Aka gitta ɗaya a ƙarƙashin kawunan azarar, aka tokare shi da gwafa biyu, kowace a kan faffaɗan dutse don kada ta nutse idan ƙasa ta jiƙa, aka toshe ratar da ke tsakanin rufin da sabon bangon da langa-langa. Tunda Yaya ya hana ko tafin hannu na wurinsa, a cikin ɗakin suka tsaya. Ɗaya ta faɗo daidai bakin ƙofa, sai mutum ya karkace yake shiga.

Haka Inna ta ƙarasa rayuwarta. Ta kafa ƙusa a jikin gwafar tana rataye carbi. Ni kuwa ko hadari na gani ya haɗo ta kudu, abinci ba ya shiga bakina sai na kira na ji muryarta. Shago ya yi albarka, har firjin lemo aka saka. Yaya yakan tsaya daga waje ya gaishe ta, wai bayansa ba ya son sunkuyo.

Rufin bai faɗo mata ba. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, bayan an gama girbin masara. Muka yi mata wanka a ɗakin, muka suturta ta, aka kira maza su fito da ita. Yaya ne a gaba, ido jajur. Suka ɗauko ta a tabarma, suka zo ƙofa, gwafa ta tare hanya. Suka ja baya, suka sake gwadawa, ta ƙi. Sai na ji ya ce, "Wai ba za a cire itacen nan ba ne?"

Ɗaki cike da mata. Na ce, "Cire mana, Yaya. Ai kai ka iya cirewa."

Ya ɗaga kai ya dubi azarar, ina jin ranar ya fara ganinta. Bai taɓa gwafar ba. Karkata Inna suka yi a gefe ɗaya, kamar ana fitar da ƙyaure, kafaɗarta na gogar itacen, carbinta na lilo a jikin ƙusa. A haka uwata ta bar ɗakinta, kuma ban yafe ba.