Dawar Alhaji da Ta Fito Akuya

Shekarar da na fara koyar da karatun ƙwayoyin gado a kwamfuta, a wata ƙaramar kwaleji tsakanin Funtua da Malumfashi, kwamfutoci uku ke aiki a ɗakinmu. Ɗalibaina yawancinsu 'ya'yan manoma ne. Na bayyana masu cewa kowace halitta tana ɗauke da dogon rubutu a jikinta, na haruffa huɗu kacal, kuma da shi ake gane wake daga gyaɗa ko da ba a ga gona ba.

Na ce kowane rukuni ya kawo ganye ɗaya daga gida. Za mu tura Zariya a karanto mana rubutun, mu kuma mu kwatanta shi da babban rumbun bayanai na intanet.

A ajin akwai wani dattijo daga Tsiga, malamin firamare da ya dawo ƙarin karatu, kowa Alhaji yake ce masa. Ya kawo ganyen dawa a tsumma, gefensa duk a yage.

"Malam, wannan irin tun kakana muke shuka shi. Kwamfutarka ba ta taɓa ganin kamarsa ba."

Bayan mako uku sakamako ya iso. Waken rukunin farko ya fito wake. Masarar wata matar fasto, wadda muke kira Mama, ta fito masara. Alhaji ya gyara hula, ya kwafi layi ɗaya daga nasa ya liƙa, ya danna. Muka jira intanet ya gama jan ƙafa, amsa ta fito.

Akuya.

Mama ta ce, "Alhaji, ashe shekara da shekaru kiwo kuke yi ba ku sani ba?"

Dariya ta ɓarke, har malamin ajin kusa ya leƙo. Alhaji ya ce kwamfutar ce ta haukace, muka koma ta biyu. Akuya. Ni kaina ban shirya wa wannan ba. Na sa shi ya gwada wasu layukan. Yawancinsu dawa ne sak, amma jefi-jefi akuyar ta sake leƙowa.

Na ce, "Alhaji, don Allah faɗa mana gaskiya. Me ya sami ganyen nan a hanya?"

Nan ya faɗi gaskiya. Ashe ya tsaya shan mai a Bakori, ya bar ganyen a kan babur, ya juyo ya tarar akuya ta kusa haɗiye shi. Da ƙyar ya zaro rabi daga bakinta.

"Amma fa na goge da rigata," in ji shi.

Yawun akuyar ne ya cakuɗa rubutunta da na dawar. Darasin da na tanada na ranar na ajiye. Muka wuni muna koyon yadda ake tsince baƙin layuka daga bayanai, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. Alhaji ya fi kowa zafi a aikin, yana share kowane layin akuya yana cewa, "Fita, munafuka."

Har ƙarshen zango gaisuwarsa ɗaya ce a bakin ɗalibai: "Alhaji, ina kwana, dawa ta haihu?" Shi kuwa ya amsa da, "Tagwaye," ya wuce kujerarsa. A jarrabawa shi ya zo na ɗaya, Mama na biye da shi, ta kuma rantse mani satar amsa akuyar ta ba shi.