Inda Jagoranmu Bai Tsaya Ba

Muna idar da sallar asuba muka bar gida, ni da wata ƙawata da muke aji ɗaya a jami'a. Ita ta ga sanarwar a waya: wasu matasa 'yan sa-kai suna zagayawa da mutane cikin tsohon garin Lome a ƙafa, duk Asabar, kyauta. Da yawanku kun tambaye ni yadda abin yake, to ga shi. Sai dai ni ba kallon gari ya fitar da ni ba. A tsohon Zongo aka haifi kakata ta wajen uba, wanda yake tsakiyar gari kafin a rushe shi a kwaso mutanensa zuwa sabon Zongo da ke nan Agoè, arewacin gari, lokacin babana yana yaro. Na daɗe ina rubuta abin da take ba ni labari a wani littafi. So nake in ji abin da ake faɗa wa mutane game da wurin.

Mun sha koko da ƙosai a bakin titi, kuma ina ba ku shawara ku yi haka, don yawon nan ba a tsayawa cin abinci. Daga nan muka tari zemijan, baburan haya. Na farko ya dubi hijabinmu ya ce jaka ɗaya kowa, wato sefa dubu. Ƙawata ta juye masa harshen Mina, yaren 'yan gari, nan take kuɗi ya sauka. Hanyar daga Agoè zuwa bakin teku doguwa ce, ga manyan motoci, ga ramuka. Ni dai na rungume jakata ina karanto duk addu'ar da na sani.

A gaban babbar cocin da Jamusawa suka gina, kusa da kasuwar Asigame, muka tarar da jama'ar. Akwai Turawa kaɗan, da wasu samari biyu daga Gana, da wani dattijo ɗan gari da ya zo da 'ya'yansa mata. Jagoranmu saurayi ne mai fara'a, riƙe da takarda da aka lulluɓe da leda. Ya bi kowa yana tambayar ƙasarsa. Da ya zo kanmu bai ma jira ba, ya ce Nijar ko Najeriya. Na ce Lome. Ya yi dariya ya ce asali yake nufi. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba.

Ba zan rage masa ba, ya san aikinsa. A kasuwa ya ba mu labarin matan da suka yi arziki da atamfa har suka riƙa shiga manyan motoci, ya nuna mana zane-zane ya faɗi sunan kowanne. Ya san lungun da za a bi a tsira daga masu tura kaya. A bakin teku ya nuna mana ƙarafan tsohuwar gadar jiragen ruwa, sun yi tsatsa, igiyar ruwa na dukansu. Gidan gwamnan Jamus daga bakin ƙofa muka hango shi. Wannan ma ku sani: kyauta na nufin ba a shiga ko'ina, kallo ne daga waje. Ba banɗaki, ba wurin zama, ruwa kuma naka ne. A ƙarshe wanda ya ga dama ya ba jagora wani abu, ba dole. Kafin hantsi Turawan sun yi jajir kamar tumatir, ƙawata kuma ta fara tsine wa takalminta mai tsini, wanda tun a gida na ce ta canza.

Kusan awa guda muka yi a kan Jamusawa: wa ya gina wannan, wa ya kwana a wancan. Sannan muka hau babban titin da ya kewaye tsohon gari, inda dogayen gine-ginen bankuna suke. Na gane wurin daga kwatancen kakata. Jagora bai ko rage tafiya ba. Wata Baturiya ce ta tambaye shi me ke nan a da. Ya amsa yana tafe, ya ce unguwar baƙi ce, ana ce mata Zongo, kalmar Hausa ce mai nufin masaukin matafiya, mutanen da ke kwana su wuce. Da wurin ya cushe sai aka mayar da su bayan gari. Ya ɗaga hannu ya ce mu ƙara sauri.

Ni ce wadda ko a aji ba na ɗaga hannu, ko da na san amsa. Amma ƙafata ta ƙi tafiya. Ƙawata ta ja hannuna, na fizge.

"Fo," na ce, yadda ake kiran yaya da Mina, "ni ban gama da nan ba."

Kowa ya juyo. Na buɗe littafin na fara karantawa ina mayarwa Faransanci. Na karanta musu mahautan da suke ciyar da kasuwar da muka baro da nama, da fataken goro, da makarantar allon mahaifin kakata, da rijiyar da unguwa duka ke ɗiba, da matan da ke fita da fura da waina tun da sassafe. Na ce a nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta haifi 'ya'ya huɗu ta binne ɗaya. Na ce fassararsa daidai ce, zango wurin da ayari ke sauka ne ya huta. Amma waɗanda suka sauka nan sun sauka ne tun zamanin Jamusawan da muka daɗe a kansu.

"Jamusawa shekara talatin suka yi suka tafi," na ce. "Su ne suka kwana suka wuce. Mu muna nan."

Fuskarsa ta canza. Ya dubi agogo ya ce lokaci na tafiya, kuma wannan ba ya cikin takardar da ƙungiyarsu ta ba shi. Na ce takardar ai mutum ne ya rubuta ta. Sai dattijon nan ya gyara murya, ya ce da Mina shi ya tuna unguwar, yana ƙarami babansa yakan kawo shi nan cin tsire, kuma tun da aka tashe ta bai ƙara cin irinsa ba. Aka yi dariya, abin ya ɗan sassauta. Baturiyar ta tambayi ina rijiyar take, na nuna mata gefen wani banki. Mun fi minti goma a wurin da ba a yi niyyar tsayawa ba.

Da aka watse ya same ni gefe. Ya ce bayan rushewar aka haife shi, ba wanda ya taɓa faɗa masa. Ya roƙi in rubuta masa layi biyu ya ƙara a takardarsa. Na ce layi biyu ba za su ɗauke mu ba, kuma ba na so a faɗe mu ba ma wurin. In suna karɓar 'yan sa-kai, ni zan riƙa tsayawa a nan in yi bayani da bakina. Sai ya miƙo mini biro na rubuta sunana. Ƙawata ta rantse ba ta san ni ba.

Mun ci shinkafa da wake da yaji a wajen wata mata, muka shiga tasin haɗaka, mu shida a matse, muka iso Zongo ana kiran la'asar. Na tarar da kakata a kan tabarma na zayyana mata komai. Ta tambayi daidai ina na nuna wa Baturiyar. Da na kwatanta sai ta kama baki.

"'Yar nan, ai mahauta kika nuna musu. Rijiya tana can baya. Duk rubutun nan naki?"

Na ɗauko biro zan gyara, ta ce in ajiye, ba da biro ake gane gida ba. In samo mata mota ranar Asabar, ita za ta taka wurin da ƙafarta in gani.

To, ku je yawon nan. Ku sa takalmi mai laushi, ku riƙe ruwa, ku girmama yaran da ke shan rana ba albashi. Amma abin da ke cikin takardar jagora kawai za a ba ku. Duk inda kuka ga ya ƙara sauri, ku tsaya ku tambaya. Ni dai yanzu motar da za ta ɗauki tsohuwa nake nema, kuma ta riga ta ce gaba za ta zauna.