Kunkurun Saƙar Baba

Jiya na shaƙi ƙanshin sabon akoko, farin yadin inji, a kasuwar Tanut, sai Baba ya faɗo mini a rai. Masaƙi ne a Ollelewa. Da motoci suka fara kwasar gyaɗarmu suna sauke yadin kamfanonin ƙetare, aka daina sayen farin saƙarsa, amma bai bar saƙa ba.

Wata azahar na kai masa fura, na ce, "Baba, wa za ya saya?"

"Likkafanina ne, ɗiyata. Ba a rufe ni da na inji." Ya nuna kunkuru, dutsen da ke riƙe da bakin zaren, mai matsowa sannu in ana saƙa. "In ya taɓa ƙafata, kira liman."

Da la'asar na ji jan dutsen ya tsaya. Ban leƙa ba, na nufi gidan liman.

Allah ya sa zarenka ya yi maka sanyi, Baba.