Kalmasa a Lokacin Jirgi

Mu a Garwa ba mu da jirgin ƙasa, sai ka hau mota zuwa Ngawundare ka same shi. Amma babban ɗana shi ke aiki can kudu a ofishin da ke tsara lokacin tashinsa da tsayuwarsa.

Shekarar da ƙanwarsa ta haihu a Yawunde, ya zo ɗaukata suna. Haihuwar fari ce, ni kuma na yi mata alkawarin da hannuna zan yi wa jaririn wankan ranar. Ni da ko kasuwa sai dole, ga ni za ni Yawunde.

Ya buɗe na'urarsa a kan tabarmata yana ta bayani: ta tace kowane minti, ba ɓarna. Haka ya lissafa mana tafiya. Mu tashi da hantsi, mu isa tasha saura rabin awa jirgi ya tashi.

Na ce, "Ina kalmasar?"

"Wace kalmasa, Inna?"

"Wandon da na ɗinka maka kana ƙarami, ban taɓa yanka shi cif ba. Sai na naɗe ƙafar, in ka yi tsawo na warware. Lissafinka ba inda za a warware."

Ya yi dariya. "Inna, wannan ilimi ne, ba ɗinki ba."

"To ilimi ya kai ka. Ni asuba za ta kai ni."

Ya ce zan yini a tasha kamar marar gata. Na ce ƙafata ce, yinina ne. Ana sallame sallar asuba na ɗaura ƙullin kukata da daddawa, na karɓe tikitina daga hannunsa, na fita. Bai biyo ni ba, wai yana da sauran barci a lissafi.

Na yini a tasha kuwa, na sha rana, na ji labarin kowa. Wajen la'asar ya kira: motar auduga ta kwanta a hawan dutse, ta tare hanya.

"Inna, ki jira ni, mu bi na gobe."

"Gobe suna. Ka tambayi na'urarka."

Jirgi ya ja, ban sauka ba. Ni na wanke jikana. Kawunsa ya iso an riga an cinye ragon.

Bara ya gaya mini yanzu suna koya wa na'urar barin 'yan mintoci tsakanin tashoshi, saboda shanu da ruwan sama. Ya faɗi wani dogon suna da Faransanci. Na ce ya riƙe abinsa, ni kalmasa na sani.